Rasuwar 'Yar Kwaɗo, Wadda Ba a Taɓa Bari Ruwan Sama Ya Doke Ta Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama gaskata abin da ido ya gani ba, Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci ta garin Tallabin, a madadin ɗan'uwanmu Mervyn Penhale, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda duk garin nan ya sani da suna 'Yar Kwaɗo. Ta rasu a ambaliyar da ta wuce, tana da shekara sittin da 'yan kai a duniya, kusan dukkansu a hannun mutum ɗaya. Merv ya so ya rubuta sanarwar da kansa. Ya zauna da biro a hannu har shayinsa ya huce, bai wuce sunanta ba, shi ya sa ƙungiya ta karɓar masa.

Marigayiyar Austin-Healey Sprite ce, ta farkon fitowa. An haife ta a shekarar 1960. Sassanta sun zo daga Ingila a cikin akwatuna, aka haɗa ta a Sydney. 'Yar ƙarama ce, launin ruwan ƙwai, kujera biyu, kai a buɗe. Fitilunta biyu suna tsaye bisa bonet kamar idanun kwaɗo, a ƙasansu kuma ga baki mai faɗi da ba ya daina murmushi, ko an tsaya ko ana tafiya. Ba ta da marfin but, ba ta da gilashin taga, ba ta ma da mariƙin ƙofa ta waje. Mai son shiga sai ya zura hannu ciki ya buɗe wa kansa. Merv ya saye ta yana saurayi, lokacin yana aiki a masana'antar matse rake. A cikinta ya je neman auren Dulcie. A cikinta ya kawo jaririyarsu Kerryn gida daga asibiti, tana kan cinyar uwarta. Ranar da aka kai Dulcie makwancinta a Tudun Makabarta, a cikinta ya dawo, kujera ɗaya babu kowa.

Ya kamata a faɗi tun yanzu abin da marigayiyar take riƙe da shi, domin ba ƙarfe kaɗai aka rasa ba. Tun bayan rasuwar Dulcie, Kerryn ba ta fasa roƙon mahaifinta ya bar Tallabin ya koma wurinta a Brisbane ba, inda take zaune a hawa na bakwai na wani dogon bene. Duk ranar Lahadi da yamma sai ta bugo waya.

“Baba, ka haura tamanin fa. Kai kaɗai a gidan nan, ga kogi a bayanka. Ɗaki yana nan na gyara maka.”

“Na ji, 'yata. To ita fa? Akwai inda za ta kwana?”

“Baba, ka san babu gareji.”

“To kin gani.”

A nan maganar take mutuwa, sai kuma wata Lahadin. Merv ba mai iya gardama ba ne, bai taɓa iya ce wa 'yarsa ba ya son barin garin da matarsa ke kwance ba. 'Yar Kwaɗo ce take faɗa masa. Muddin tana da rai, yana da amsa.

Marigayiyar ta yi zamanta a tsakanin manya, ba ta kuma taɓa yin ƙarya a kan matsayinta ba. Silinda huɗu gare ta, injinta bai cika lita ɗaya ba, ƙarfinta na doki arba'in da uku ne. Idan hanya ta miƙe, iska kuma tana bayanta, takan taɓa kilomita ɗari da talatin a awa, daga nan sai ta fara rawar jiki kamar mai neman a yi mata afuwa. Ƙawayenta na safiyar Lahadi su biyu ne, a ƙofar shagon soya kifi na Stavros Kallis suke jeruwa. Akwai Jaguar E-Type ta Stavros ɗin, ja, mai dogon hanci, silinda shida, wadda takardunta suka ce ƙarfin doki ɗari biyu da sittin da biyar ne da ita. Akwai kuma Datsun 240Z ta Noelene Baird, mai gonar shanu a bayan tudu, ita ma silinda shida, ƙarfin doki wajen ɗari da hamsin, mai rufin ƙarfe da gilasai kamar kowace motar mutunci.

Gardamar ba ta taɓa sauya zani ba. Stavros zai fito yana goge hannu a jikin rigar aikinsa, ya zagaya 'Yar Kwaɗo kamar yau ya fara ganinta.

“Arba'in da uku! Mutumina, saura kaɗan injin yankan ciyawata ya kamo ta.”

“Naka dawakan ai a takarda suke,” in ji Merv, a hankali, yana kallon kofinsa. “Ni dai ban taɓa ganin duk sun fito aiki rana ɗaya ba.”

“Daga tsaye zuwa kilomita ɗari, daƙiƙa bakwai! Bakwai, tsoho! Taka fa?”

“Ashirin da wani abu. Ina za ni da nake sauri?”

“Kafin ka kai ɗari na soya kifi na sallami mutum uku.”

“Ɗora su a sikeli mana. Taka ta kusa ninka tawa nauyi. Kai ma kuma ka ninka ni.”

Sai Noelene ta ajiye kofi ta ce, “Tsofaffin banza, ba kwa gajiya? Ku faɗa min wace ce take tashi da safiyar sanyi ba tare da an durƙusa an roƙe ta ba. Tawa. Ku sha shayinku mu tafi.”

Daga nan sai a kama hanyar Tudun Makabarta, mai hawa da kwana-kwana. A miƙaƙƙiyar hanyar ƙasa Jaguar takan ɓace, sai dai a ji rurinta daga nesa. Amma da an shiga kwanoni, nauyi ya fara karɓar hakkinsa, Stavros yana taka birki yana zage-zage da yaren kakanninsa, sai ya duba madubi ya ga idanu biyu da murmushi sun manne masa a baya. Marigayiyar ba ta san tsoron kwana ba. Merv yakan ce ba juya sitiyarinta ake yi ba, tunani kawai ake yi sai ta bi. Duk da haka, gaskiya ta wajaba ko a kan mamaci: ba ta taɓa riga kowa isa saman tudun ba, ko sau ɗaya. Ba ta kuma taɓa makarar da za a ce an gaji da jiranta ba.

Waɗanda suka san ta za su yi kewar muryarta. Idan aka ja maɓallin tayarwa takan ce kyar-kyar-kyar, ta yi ɗan shiru kamar mai shawara, sannan ta ce burrr. A giya ta uku tana da wata waƙa siririya da Dulcie takan ce ta fi rediyo. Idan an kashe ta bayan doguwar tafiya, takan daɗe tana tik, tik, tik, tana hucewa, Merv kuma ba ya hawa matakalar gida sai ta gama. Hon ɗinta kuwa fit-fit ne, kamar agwagwa mai mura. Bai taɓa korar ko kare daga hanya ba, yara dai sukan ɗaga hannu.

Abu ɗaya ne ba ta sani ba a rayuwarta, shi ne ruwan sama. Duk mai tsohuwar mota ya san tsatsa ce ajalinsu, a ƙungiyarmu kuma al'ada ce idan hadari ya haɗu a fasa fitar Lahadi. Amma Merv ya wuce kowa. Ya taɓa ganin motar wani abokinsa ta ruɓe daga ƙasa har ƙafa tana faɗawa ta cikin dandamalinta, tun daga ranar ya yi wa tasa alkawari. Kafin ya fito da ita sai ya tsaya a tsakar gida ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya shaƙi iska. Ko wanka ba ya yi mata da tiyo, sai da tsumma mai ɗan danshi, ya bi da busasshe. Rufinta na tamfol, da yake ba a taɓa buƙatarsa ba, ya tsufa a naɗe, ya ƙanƙance, har ya daina kaiwa maɓallansa. Stavros yakan ce a duk faɗin Ostireliya wannan ce kaɗai kwaɗon da ke gudun ruwa. Merv yakan yi murmushi, don a wurinsa yabo ne.

Rashin lafiyarta ta ƙarshe gajeruwa ce. Ruwa ya sauko tun tsakiyar mako bai ɗauke ba. Ranar Asabar rediyo ta fara faɗin tsayin kogi, mutane suka fara zuwa ƙofar mashaya suna duba turken da ake zana wa kowace ambaliya layinta, kowa yana lissafin inda nasa gidan ya tsaya. Kamar kullum, da yake gidajen garin bisa ginshiƙai suke, aka ɗaga kaya daga ƙarƙashinsu zuwa sama, aka fara jan motoci zuwa Tudun Makabarta, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba. Noelene tana can bayan tudu dama. Stavros ya kai Jaguar tun da hantsi, ya biyo ta gidan Merv cikin rigar ruwa, ya same shi zaune a kan matakala, makulli a hannu, yana kallon sama. 'Yar Kwaɗo tana ƙarƙashin gidan, tsakanin ginshiƙai, a bushe ƙayau.

“Tashi ka fitar da ita, tsoho.”

“Bari ya ɗan tsagaita.”

“Wane tsagaitawa? Kana ganin sama kuwa?”

“Ruwa ai yakan ja numfashi. Kafin ya dawo na isa. A saman akwai rumfar masu haƙa kabari, zan saka ta ciki.”

“Merv, jiƙewa kawai za ta yi. Mu goge ta tare, ni da kai, har da man gashina idan kana so.”

“Kujerun fata ne, Stav. Kuma idan ya shiga ƙarƙashin shimfiɗa ba ya fita.”

“Wallahi kai da ita ban san wa ya fi taurin kai ba.”

Stavros ya tafi ɗaga firjin shagonsa. Merv ya ci gaba da zama. Ba wauta ba ce, a yadda ya lissafa: rediyo ta ce kogin zai tsaya ƙasa da layin da ya fi kowane tsawo a jikin turke, kuma ko a waccan shekarar ruwan iyakarsa matakalar farko ta gidansa. Yana da lokaci. Abin da yake nema kaɗan ne, ɗan sarari a sama daidai tsawon shan kofin shayi.

Sararin ya zo washegari da safe. Ruwan ya ɗauke ɗif, har wani tsuntsu ya yi kuka. Merv ya sauko da sauri irin na mai shekara tamanin, ya ja maɓalli, ta ce kyar-kyar-kyar, ta ce burrr, ya fito da ita. A ƙarshen layinsu akwai ɗan kwari inda hanya ke sauka kafin ta hau. Ruwan kogi ya riga ya kwanta a wurin, ja, yana tafiya a hankali. Bai kai gwiwa ba. Wata motar gona ta ratsa shi a gabansa ko a jikinta.

Shekara da shekaru ana auna motocin nan uku a ƙofar shagon Stavros. An auna dawaki, an auna silinda, an auna nauyi da gudu da daƙiƙoƙi. Babu wanda ya taɓa tambayar tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. Ta marigayiyar ba ta kai taƙi ɗaya ba. Merv ya tsaya a bakin ruwan, inji yana aiki, ya daɗe yana kallo. Ita kuma tana murmushinta. Sai ɗigon farko ya faɗo bisa bonet. Ya goge shi da hannun riga, ya saka ribas, ya mayar da ita gida.

Ya yi abin da ƙarfinsa ya iya. Ya ɗaga ta da jak, ya jera bulo a ƙarƙashinta, ya lulluɓe ta da zanen gadon Dulcie, ya ɗora leda a sama. Kafin rana ta raba, ruwan ya shanye matakalar farko, ya shanye ta biyu, bai ko tsaya gaisawa da tsohon layin turke ba. Merv yana baranda, yana leƙawa ta tsakanin katakai, yana ganin bulo yana nutsewa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda zai kira, babu abin da zai ɗaga. Da ruwan ya kai wayoyinta, hon ɗinta ya tashi da kansa. Ba fit-fit ɗin da aka sani ba. Doguwar murya ce guda, siririya, tana fitowa daga ƙarƙashin ƙafafunsa. Ta yi ta yi, ta shaƙe, ta yi shiru. Da yamma masu aikin ceto suka zo da kwalekwale suka ɗauke shi daga baranda. Sun ce bai yi musu gardama ba, hannunsa ɗaya dai yana cikin aljihu.

Bayan ruwa ya janye aka same ta a cikin gonar rake, can ƙasa da gari, a kwance a gefe ɗaya, cike da laka har sitiyari. Ruwan ya fizge ta daga tsakanin ginshiƙai ya maka ta da wata bishiya. Noelene ta jawo ta da tarakta, ta wanke ta da tiyo, wankan tiyo na farko da aka taɓa yi mata, sannan ta kwanta a ƙasa ta leƙa cikinta. Irin su ba su da ƙashin baya na daban, jikin ne ƙashin. Nata kuwa ya karye a tsakiya.

“Faɗa min,” in ji Merv.

“Merv, ɗan'uwana, da inji ne kawai da mun yi. Bayanta ne,” in ji Noelene.

“Ana gyarawa ai,” in ji Stavros. “A Melbourne akwai masu yi. Shekara huɗu, biyar, ta tashi.”

Merv ya dube shi. “Stav, ka auna shekaruna mana. Ka iya awo.”

Stavros ya juya baya ya yi kamar wani abu ya faɗa masa a ido.

Ta rasu ta bar ƙawayenta biyu, Jaguar da Datsun, waɗanda suka kwana a waje cikin ruwan sama, aka goge su, suna nan lafiya. Ta bar makulli guda, wanda har yau yana aljihun mai ita. Ta bar murfin taya ɗaya da aka tsinta a kan rufin akurkin kajin makwabta, da gwangwanin man goge jiki wanda aka sha rabinsa. Ta bar rufinta na tamfol, wanda yake naɗe a saman kabad ɗin ɗakin kwana, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ta kuma bar Mervyn Penhale.

Kerryn ta iso da hanya ta buɗe. Ta yini tana kwashe laka da shebur, ba ta ce uffan a kan Brisbane ba. Ginshiƙan gidan biyu sun goce, an ce ba a kwana a ciki. Sai da suka zauna a kan matakala suna cin burodi da nama daga takarda, sannan ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

“Baba, ɗakin yana nan.”

Merv ya buɗe baki. Waɗanda ke wurin sun ga leɓensa ya kama hanyar tambayar da ya saba yi. Ya juya ya dubi ƙarƙashin gidan, inda babu komai sai bulo a warwatse da sawun laka. Ya rufe bakin. Can ya ce, “Tagar tana kallon ina?”

“Tana kallon titi, Baba. Motoci suna wucewa.”

“To,” in ji shi.

Za a yi jana'izar marigayiyar ranar Lahadi mai zuwa da safe, a lokacin da aka saba fita. Za a taru a ƙofar shagon Stavros, wanda ya ce shayi da soyayyen dankali a kansa. Za a ɗora ta a kan tirela, fuskarta tana kallon gaba, motar gonar Noelene ce za ta ja ta, Merv yana kujerar gaba. Sauran motoci za su bi a baya, kuma ƙungiya tana roƙon kada kowa ya wuce ta, ko a miƙaƙƙiyar hanya. Stavros ya ce zai hau tudun a giya ta ɗaya, da dawakansa duka, na takarda da na gaske, kuma duk wanda ya ce a baya ta isa to da shi zai yi. Za a tsaya a bakin makabarta Merv ya shiga ya yi sallama da Dulcie. Daga nan a wuce da marigayiyar gonar Noelene, a sauke ta a gindin bishiyar da ke kallon hanya, nan ne makwancinta.

Ba za a yi zaman makoki a gida ba, domin babu gidan. Masu ta'aziyya su yi wa Merv a can saman tudu, inda motar Kerryn za ta jira shi da akwatunansa biyu. Allah Ya ba shi haƙurin wannan rashi, Ya ba mu haƙurin nasa.

Masu duba yanayi sun ce za a yi ruwa ranar. Ƙungiya ta tambayi Merv ko a ɗage, kamar yadda aka saba. Ya ce a'a, kowa ya fito da motarsa. An tambaye shi ko a zo da tamfol. Ya ce a bar ta haka, ta ga abin da ya hana ta gani.

Saboda haka ba za a lulluɓe ta da komai ba. Wanda ya zo da laima, ya riƙe wa Merv.